Ruwan Sama, Inabi da Cimaka: Tarihin Mahaɗin Abinci a Lardin Minho na Ƙasar Fotugal

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da ƙa'idojinta game da abin da ya dace a ci tare da wani abu. Bahaushe ya san miyar da ke tafiya da tuwon dawa, ya san fura da nono take shiga, yana kuma da kalma guda wadda ta tattara wannan sani, watau mahaɗi. A ƙasashen Turai da ake noman inabi, babban mahaɗin abinci shi ne giya. A zamanin nan an rubuta littattafai masu yawa a kan wace giya ce ta dace da wane abinci, har ana ɗaukar abin tamkar wata fasaha ce da masu kaifin ɗanɗano suka ƙago.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa irin waɗannan ƙa'idoji suna da tarihi, kuma galibi larura ce ke haifar da su tun kafin masana su zo su ba su suna. Misalin da aka ɗauka shi ne lardin Minho (ana furta shi Minyo) da ke arewa maso yammacin ƙasar Fotugal, a gaɓar Tekun Atilantika. Za a bi sawun abubuwa huɗu da suka tsara teburin mutanen wannan lardi: ruwan sama, ƙarancin ƙasar noma, fataucin teku, da dokar hukuma.

2.0 Ƙasar da Yanayinta

Sunan lardin na asali shi ne Entre-Douro-e-Minho, ma'ana ƙasar da ke tsakanin kogin Douro a kudu da kogin Minho a arewa, wanda ya raba Fotugal da yankin Galisiya na ƙasar Sifen. Tsakanin waɗannan koguna biyu akwai wasu uku, watau Lima da Cávado da Ave, dukkansu suna gangarowa daga duwatsun gabas zuwa teku. Kwarurrukansu a buɗe suke ta fuskar yamma, saboda haka iskar teku takan kutsa ciki ɗauke da laima, ta ci karo da duwatsu, ta zubar da ruwanta. Yawancin lardin yakan sami ruwan da ya haura milimita 1,200 a shekara, a kan duwatsun Gerês kuwa yakan wuce ninkin haka. Mafi yawan ruwan yana sauka ne a lokacin sanyi, daga Oktoba zuwa Afrilu.

Itacen inabi ya fi son rana da busasshiyar ƙasa. Inda laima ta yi yawa, fumfuna takan kama ganyensa da 'ya'yansa, kuma 'ya'yan ba su cika nuna sosai ba, sai su fito da ƙarancin zaƙi da yawan tsami. Tun da zaƙin inabi shi ne ke rikiɗewa ya zama ƙarfin giya yayin tsimuwa, giyar irin wannan ƙasa takan kasance marar ƙarfi, mai tsami, wadda ba ta jure dogon ajiya. Duk abin da zai biyo baya a wannan tarihi ya ratayu ne a kan wannan hali.

3.0 Kafin Zuwan Inabi

Bayani mafi tsufa a kan cimakar wannan yanki ya fito ne daga Sitirabo, masanin labarin ƙasa Bagirke, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na ɗaya na Miladiyya. A littafi na uku na babban aikinsa ya bayyana cewa mazauna duwatsun arewa suna shafe kashi biyu cikin uku na shekara suna cin gurasar da suke yi da garin 'ya'yan wani babban itacen daji, abin shansu giyar hatsi ce, man shanu suke amfani da shi maimakon man zaitun, giyar inabi kuwa kaɗan suke samu, in sun samu sai su shanye ta nan da nan a wajen biki tare da dangi. Kufan garuruwansu na dutse suna nan har yau a kan tuddai, kamar Citânia de Briteiros kusa da Guimarães.

Ke nan giyar hatsi ta riga giyar inabi zama a wannan ƙasa. Harshen ma ya riƙe shaida: kalmar cerveja da Fotugisawa ke kiran giyar sha'ir da ita ta fito ne daga cervesia, kalmar da Rumawa suka aro daga mutanen Gol, waɗanda ke magana da harshe dangin Keltanci.

Rundunar Rumawa ta ƙetare kogin Lima wajen shekara ta 137 kafin Miladiyya, aka kuma kafa birnin Bracara Augusta, watau Braga ta yau, a zamanin Sarki Agustus. Da farko a tuluna ake kawo giyar inabi daga kudu, daga bisani aka soma dasa kurangar a gida. Abin da ya kafa ta sosai shi ne addinin Kirista, domin ibadarsa tana buƙatar gurasa da ruwan inabi. Gidajen zuhudu, irin su na Tibães kusa da Braga, sun mallaki filaye masu yawa, suna karɓar galla daga manoma da hatsi da giya. Mulkin Musulmi, wanda ya shiga tsibirin Andalus a 711, bai yi kaka-gida a wannan kusurwa ba; a 868 Porto ta koma hannun Kiristocin arewa. Ta haka giyar hatsi ta ja baya, har ta kusa ɓacewa daga ƙauyuka na tsawon ƙarnuka.

4.0 Masara ta Kori Inabi Zuwa Kan Bishiya

Babban sauyin da ya tsara lardin ya zo ne daga Amurka. A ƙarni na 16 masara ta iso Fotugal, a ƙarni na 17 kuwa ta mamaye gonakin Minho, domin ta sami abin da take so: ƙasa mai dausayi da ruwan ban-ruwa a lokacin zafi. Masanin labarin ƙasa Orlando Ribeiro, mai littafin nan na 1945 a kan matsayin Fotugal tsakanin Bahar Rum da Atilantika, ya kira wannan al'amari juyin-juya-halin masara. A nan ma harshe ya ajiye tarihi. Kalmar milho a da sunan wani ɗan ƙaramin hatsi ne dangin gero. Da baƙuwa ta zo sai ta ƙwace sunan, aka koma kiran ɗan gida milho miúdo, watau ƙaramin milho.

Masara ta ciyar da jama'a fiye da hatsin da, jama'a suka ƙaru, gado ya yi ta rarraba gonaki har suka zama 'yan ƙananan fegi. Manomin da ke da ɗan fili ba zai ba inabi tsakiyar gonarsa ba, domin wurin abinci ne. Sai aka tura kurangar zuwa gefe, aka bar ta ta hau bishiyoyin da ke kan iyaka. Wannan tsari shi ake kira enforcado, ma'ana ratayayye, kuma sai da dogon tsani ake tsinkar 'ya'yan. Daga baya aka ƙara wani tsarin, ramada, watau rumfa mai ginshiƙan dutse wadda kurangar ke bi ta rufe hanya ko bakin gona, a ƙarƙashinta kuma a shuka kabeji ko wake.

Tsarin ya yi amfani ta fuska biyu: ya bar ƙasa ga abinci, ya kuma ɗaga inabi daga laimar ƙasa zuwa inda iska ke kaɗawa. Amma ganye ya yi yawa, inuwa ta yi yawa, 'ya'yan suka ƙara nisa da nuna. Giyar da aka samu ita ce vinho verde. A zahiri verde na nufin kore, sai dai ba launi ake nufi ba. Ma'anar ta fi kusa da ɗanye a Hausa, watau abin da bai gama nuna ba ko bai daɗe ba, kuma kishiyarta a bakin Fotugisawa ita ce vinho maduro, nunanniyar giya. Ana shan ta cikin shekarar da aka yi ta. Sau da yawa takan ci gaba da 'yar tsimuwa ta biyu a cikin ganga ko kwalba, wadda ke rage kaifin tsamin ta kuma bar ɗan kumfa mai tsikarar harshe.

Abin lura shi ne, a wancan zamani mafi yawan wannan giya ja ce, ja wur har ta yi duhu, musamman ta inabin da ake kira Vinhão. Ba a kofin gilashi ake shan ta ba, sai a wani farin kwanon tangaran mai suna malga, inda takan bar shatin launinta a gefe.

5.0 Abin da ke Kan Tebur

Idan aka dubi abincin manomin Minho za a ga dalilin da ya sa bai ɗauki tsamin giyarsa aibi ba. Gurasarsa ita ce broa, ta garin masara gauraye da na wani hatsi dangin alkama, mai nauyi da tauri. Miyarsa ita ce caldo verde, ta dankalin turawa da ganyen kabeji yankakke siriri, da ɗan man zaitun da yanki guda na tsiran alade. Namansa na alade ne, wanda ake yankawa da sanyi a sa masa gishiri ko a ƙyafe shi. Abincin biki kuwa su ne rojões, watau gutsattsarin nama da aka soya cikin kitsensa, da sarrabulho, wanda ake dafawa da jinin dabbar: a Braga fate ne, a Ponte de Lima kuwa da shinkafa ake yin sa.

Dukkan waɗannan abinci ne masu maiƙo da gishiri da nauyi. Abin sha mai tsami yana yanke maiƙo a baki kamar yadda lemun tsami ke yi, rashin ƙarfinsa kuma ya sa ma'aikacin gona yana iya sha da rana ya koma bakin aiki. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan haɗi. Gona ɗaya ce ta fitar da masara da kabeji da abincin alade da inabi, suka haɗu a akushi ɗaya.

Koguna ma sun ba da nasu. Daga Janairu zuwa Afrilu wani kifi mai siffar maciji, marar muƙamuƙi, wanda ake kira lampreia, yakan hauro daga teku zuwa kogunan Minho da Lima. A kogin Minho, wajen Monção da Melgaço, har yau akwai tsofaffin katangun dutse da aka gina cikin ruwa domin kafa masa koma. Ana dafa shi cikin jininsa da jar giya, a ci da shinkafa, a kuma sha irin giyar da aka dafa shi da ita. Wannan ya saɓa wa sananniyar ƙa'idar littattafan zamani, wadda ta ce farar giya ce mahaɗin kifi. Haka nan a daren bikin São João, ranar 23 ga Yuni, a Braga da Porto, gasasshen kifin sadin da broa da jar giya su ne abincin gargajiya.

6.0 Kifin Nesa da Kasuwar da ta Kuɓuce

Abincin da ya fi kowane shahara a lardin ba daga koginsa ko gaɓarsa yake fitowa ba. Shi ne bacalhau, kifin tekun arewa mai sanyi, wanda ake tsagawa a cika da gishiri a shanya. Cocin Katolika ta hana cin nama a ranaku masu yawa na shekara, saboda haka kifin da ba ya lalacewa ya zama abin buƙata har a ƙauyukan kan dutse. Tun a 1353 aka ƙulla yarjejeniya da Sarki Edward na Uku wadda ta ba masuntan Lisbon da Porto damar kamun kifi a gaɓar Ingila. Wajen 1520 wani mutumin Viana do Castelo, João Álvares Fagundes, ya kewaya gaɓar Newfoundland, inda wannan kifi ya fi yawa.

Daga baya Ingilishi suka rinjayi wannan sana'a. Fatakensu suka zauna a Viana, suna kawo busasshen kifi da tufafin ulu, suna komawa da jar giyar Monção. Da gaba ta tsananta tsakanin Ingila da Faransa a ƙarshen ƙarni na 17, aka toshe hanyar giyar Faransa, sai buƙatar ta Fotugal ta ƙaru. A nan ne halin giyar Minho ya ci amanarta: ba ta da ƙarfin jure tafiyar teku, takan isa Landan ta riga ta lalace. Fatake suka juya zuwa kwarin Douro na can ciki, bayan duwatsu, inda ruwa ya yi ƙaranci, rana ta yi zafi, giya ta yi ƙarfi. Yarjejeniyar Methuen ta 1703, wadda ta sa kuɗin fiton giyar Fotugal ya gaza na Faransa da sulusi, Douro ta fi amfana da ita. A 1756 kuma waziri Pombal ya kafa kamfanin da ya shata iyakar gonakin Douro ya ba su kariya.

Minho ta rasa kasuwar waje, amma kifin ya zauna. Giyar da ba ta iya tafiya ta tsaya gida ta zama mahaɗin kifin da ya zo daga nisan dubban kilomita, domin shi ma gishiri ne da man zaitun. Daga 1934 gwamnatin Salazar ta mayar da kamun wannan kifi aikin ƙasa. Jirgin asibitin nan Gil Eannes, wanda aka ƙera a Viana a 1955 domin rakiyar masunta, yanzu gidan tarihi ne a tashar garin. Tun da Kanada ta rufe kamun kifin a ruwanta a 1992, galibin wanda ake ci daga Norwe da Aisilan yake zuwa.

7.0 Cuta da Doka

A tsakiyar ƙarni na 19 cututtukan inabi daga Amurka suka afka wa Turai. Farar fumfuna ta iso a farkon shekarun 1850, wata irin kuma ta biyo baya a shekarun 1880, kuma ƙasa mai laima irin Minho ita ce gidan da suka fi so. Maganin ta farko shi ne garin farar wuta, na ta biyu kuwa ruwan gishirin tagulla da farar ƙasa, wanda aka gano a Bodo ta Faransa wajen 1885. Manoma da yawa suka koma dasa irin inabin Amurka mai jure cuta, wanda daga baya hukuma ta yi ta yaƙi da shi.

A 1908 doka ta shata iyakar yankin Vinho Verde, a 1926 kuma aka kafa hukumar da ke kula da shi, mai mazauni a Porto. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin abin da a da ake gani kasawa ce ta ƙasa mai ruwa yanzu ya zama suna mai kariya, wanda ba kowa ke da ikon amfani da shi ba. Larura ta zama al'ada, al'ada kuma ta shiga kundin doka.

8.0 Komowar Giyar Hatsi

Giyar sha'ir ta dawo ne ta ƙofar birni. A 1890 wasu masana'antun Porto suka haɗe suka zama kamfani guda, Companhia União Fabril Portuense, wanda a 1927 ya fitar da Super Bock. Gwamnatin Salazar ta fi goyon bayan inabi, har tana yayata cewa shan giyarsa ciyar da Fotugisawa miliyan guda ne. Duk da haka, daga shekarun 1960, da masana'antu suka yawaita, firiji ya samu, dubban ɗaruruwan mutane kuma suka yi ƙaura zuwa Faransa da Jamus suna dawowa hutu da sababbin ɗabi'u, giyar sha'ir ta sami gindin zama.

Ba ta shiga gonar jar giya ba. Nata mahaɗan ta samo. A gidajen abinci na Matosinhos, tashar masunta da ke jikin Porto, ita ake sha da jatan lande da ƙaguwa. A shaguna ana ba da ita da wani jiƙaƙƙen wake mai gishiri, tremoços. Babban abokin tafiyarta shi ne francesinha, ma'ana 'yar Bafaranshiya, burodi mai cike da nama iri-iri, an lulluɓe shi da cuku da miyar tumatir mai yaji wadda ita kanta akwai giyar sha'ir a cikinta. Ana danganta ƙago shi ga Daniel David da Silva, wanda ya dawo daga Faransa ya yi aiki a Porto a shekarun 1950. Har a wajen suna arewa ta bambanta: kofin da mutumin Lisbon ke kira imperial, mutumin Porto fino yake ce masa.

9.0 Daga Ja Zuwa Fari

Bayan shigar Fotugal Tarayyar Kasuwancin Turai a 1986, kuɗin tallafi ya sauya fuskar gonaki. Aka sauko da inabi daga bishiya, aka jera shi a kan waya daidai tsayin mutum, a fili nasa na kansa, inda rana ke samunsa, tarakta kuma ke iya ratsawa. 'Ya'yan suka fi nuna, giyar ta ƙara ƙarfi. Kasuwar waje, musamman Amurka da Jamus, fara take so, saboda haka aka fifita fararen iri kamar Alvarinho na Monção da Melgaço, da Loureiro na kwarin Lima. A yau kimanin kashi huɗu cikin biyar na abin da ake sayarwa fara ce, kumfan da ke cikin mafi yawanta kuwa da inji ake sa shi.

Sakamakon haka shi ne, abin da baƙo ke karantawa a yau, cewa vinho verde farar giya ce mai sanyi wadda ta dace da kifi da ganyaye, bayani ne a kan 'yan shekarun baya-bayan nan kawai. Jar giyar da ta rayu da broa da sarrabulho tsawon ƙarnuka ba ta cika fita lardin ba, domin in an raba ta da abincinta tsaminta yakan yi wa baƙon harshe yawa.

10.0 Kammalawa

An ga yadda ruwan sama ya ƙayyade halin inabin Minho, masara ta ƙayyade masa wuri, fataucin Ingila ya kawo kifi ya kuma tafi da kasuwa, sa'an nan doka ta zo ta hatimce abin da ya samu. Darasin da ke ciki ga mai nazarin al'adu shi ne, idan aka ce wani abinci da wani abin sha sun dace, ya kamata a tambaya tun yaushe, a gonar wa, kuma wa ya ci ribar haɗin. Har yanzu a kan hanyoyin ƙauyen Guimarães da Amarante ana iya ganin kurangar inabi tana bin bishiya a gefen gonar masara, sai dai masu iya hawa tsanin tsinkarta galibinsu tsofaffi ne, kuma duk bishiyar da aka sare ba a cika dasa wata a gurbinta ba.